Yadda Ɗalibi Kirista Mai Jin Hausa Zai Yi Hidima Ya Kuma Ba Da Shaida a Makarantar Sakandare a Legas

Yaron da ya taso a barikin soja na Ikeja ko na Ojo, ko a Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12, wanda Hausa ake yi a gidansu, ranar Lahadi kuma sujadar Hausa yake zuwa a ECWA, COCIN, EYN ko HEKAN, yana tsaye ne a wani wuri da ba kowa ke tsayawa ba. Da zarar 'yan ajinsa Yarbawa da Ibo sun ji Hausa a bakinsa, sun gama yanke cewa Musulmi ne. 'Yan'uwansa Hausawa Musulmi kuwa, in suka ji ana kiran sunansa Bitrus ko Ishaya a rajista, sai sun juyo sun sake kallonsa. Yara da yawa wannan yana sa su noƙe: su ɓoye Hausarsu a gaban waɗancan, su ɓoye addininsu a gaban waɗannan, su gama sakandare ba wanda ya san su da komai.

Ni a ganina asara ce. Yaron da ke jin Hausa da Turanci da Birokin, ya tsinci ɗan Yarbanci a unguwa, ba ƙofar da ba zai iya ƙwanƙwasawa ba a makarantar Legas. Don haka ƙannena, musamman ku 'yan JSS3 zuwa SS2, ga yadda za ku bi abin daki-daki.

Ku fara da sanin inda kuka tsaya

Kafin komai, ku san abin da doka ta ba ku da abin da ta hana ku. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin bin addininsa, da bayyana shi, da yaɗa shi. Amma sashen nan dai ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi a makaranta ya karɓi koyarwa ko ya shiga ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Wato kuna da damar yin taronku, ba ku da damar kulle ƙofar aji ku yi wa kowa wa'azi dole. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. In kun ji wani Kirista yana gunaguni a kan wannan, ku tuna masa cewa 'yancin da ya kare hijabin nan shi ne ya kare Littafi Mai Tsarkin da ke cikin jakarsa.

Daga nan sai ku bincika ko akwai zumuntar ɗalibai Kirista a makarantarku. Iyayenku zumuntar FCS (Fellowship of Christian Students) suka sani, wadda aka kafa a Gindiri a 1957 ta kuma yi ƙarfi a Arewa. A nan Kudu an fi sanin Scripture Union, wasu makarantun kuma zumunta ce kawai da wani malami ke riƙe da ita. 'Yan'uwanmu Musulmi suna da ƙungiyarsu ta ɗalibai, MSSN, wadda a Legas ɗin nan aka kafa ta a 1954. In akwai zumunta, ku shiga cikinta. Kada ku ware ku buɗe ta 'yan Arewa zalla don waƙoƙin Yarbanci ba su yi muku daɗi ba, ko don addu'arsu ta fi taku ƙara. Ku zauna, ku koyi waƙarsu, wata rana ku koya musu taku.

In babu, sai ku nemi mutum uku ko huɗu masu hankali, maza da mata, ba sai 'yan ikilisiyarku ba. Sannan ku nemi malami ɗaya Kirista da ya yarda ya zama uban ƙungiya. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ba shugaban makarantar da zai bar yara su riƙa taro a aji ba tare da babba ba. Ku rubuta wasiƙa da Turanci, shafi ɗaya tak. Ku faɗi rana da lokaci, wato lokacin hutun tara ko bayan an tashi, da ajin da kuke so, da sunan malamin, da abin da za ku yi: waƙa, karatun Littafi Mai Tsarki, addu'a. Ku rubuta a fili cewa ba wanda za a tilasta, ba lasifika, ba ganga a lokacin darasi, kuma za ku share ajin ku mayar da kujeru. Malamin ne zai kai wasiƙar, ba ku ba. Ku lura cewa a makarantun gwamnatin Legas ƙaramar sakandare da babba sukan zauna a harabar ɗaya amma kowace da shugabanta, don haka ku san wanda za ku rubuta wa.

In aka ce a'a, ku ce "Mun gode, Sa" ko "Mun gode, Ma", ku fita. Ku gaya wa iyayenku, su san yadda za su ɗaga maganar a taron iyaye. In kuma makarantar kuɗi ce ta wata ƙungiyar Musulunci, kada ma ku nema. Iyayenku sun san inda suka kai ku. Duk sauran abin da ke ƙasa ba ya bukatar izinin kowa.

Mako biyu na kallo

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa. Mako biyu kada ku yi komai sai kallo. Wa ke zama a aji lokacin hutu yana yi kamar barci yake ji, alhali yunwa ce? Wa ke kwafe darussa uku a littafi ɗaya? Wa kullum ake kamawa a makare, kuma me ya sa? Wataƙila daga Ikorodu yake tasowa, wataƙila sai ta kai ƙannenta firamare tukuna. Tun da aka hana okada a ƙananan hukumomi shida na Legas a watan Yunin 2022, gidajen 'yan Arewa da yawa suka rasa abin da suke ci da shi, ga cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin mota. Akwai yaron da ke takowa a ƙafa daga nesa bai taɓa gaya wa kowa ba. Ku haɗu bayan mako biyun, kowa ya faɗi abin da ya gani ba tare da ambaton suna ba, sai in ya zama dole.

Ku zaɓi aiki ɗaya, ku riƙe shi

Kada ku ce za ku gyara makaranta. Ku ɗauki abu ɗaya da za ku iya yi kowane mako har ƙarshen zango.

Wanda na fi ba ku shawara, don ba wanda zai iya shi kamar ku, shi ne tarbar baƙi. Kowane zango sai an kawo sabon yaro daga Mubi, Kafanchan, Langtang, Kano ko Gusau: an yi wa babansa canjin wurin aiki, ko rikici ya koro su, ko an turo shi wurin kawunsa. Za ku gan shi a kujerar baya, malami yana zuba Turanci da sauri yana haɗawa da Yarbanci, aji ya fashe da dariya, shi bai san me aka ce ba. Je ka zauna kusa da shi ka ce, "Sannu da zuwa. Daga ina?" Ka dubi fuskarsa a lokacin da ya ji Hausa. Ko Musulmi ne ko Kirista, kada wannan ya zama tambayarka ta farko, ko ta biyu.

Daga nan aikin a bayyane yake. Ka nuna masa ofishin malamai, banɗaki, wurin mai abincin da ba ta cika tsada ba. Ka ara masa littattafanka ya kwafi abin da ya wuce shi, ɗaya bayan ɗaya, kada ka jibge masa duka. Ka koya masa gaisuwar safe da Yarbanci da yadda ake rusuna wa malamai a nan. Tun 2018 dokar jihar Legas ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, don haka darasin yana jiransa ko ya so ko ya ƙi. Ka haɗa shi da wani Bayarabe mai kirki da zai riƙa zama da shi minti 15 sau biyu a mako. Ranar farko ku tafi gida tare. Ka nuna masa inda ake hawa danfo, wato bas ɗin haya na Legas, yadda zai riƙe canjinsa kafin ya shiga, da yadda zai ɗaga murya ya ce "owa" in an zo tasharsa, in ba haka ba a wuce da shi Oshodi. Mata su tarbi mata, maza su tarbi maza. Wannan zai kuɓutar da ku daga surutai da yawa.

Aiki na biyu shi ne taya karatu. In kin iya lissafi, ki sa rana ɗaya a mako, minti 30 bayan an tashi, kowa na iya zuwa. Ku warware tsofaffin tambayoyin BECE, WAEC ko NECO. Sharaɗi ɗaya: ba a karɓar kuɗi, ba a kuma rufewa da wa'azi.

Na uku shi ne ƙaramin asusu. Kowa ya riƙa saka abin da ya iya a mako, ko naira 100 ce. Mutum ɗaya ya riƙe kuɗi, wani daban ya riƙe littafin lissafi, uban ƙungiya ya duba sau ɗaya a wata. Ku sayi biro, fensir, littafin rubutu, zare da allura, sabulu, da audugar mata. Audugar nan ta zauna a jakar 'yan mata biyu da aji ya san za a iya raɗa musu magana. Yarinyar da abin ya zo mata ba shiri a tsakiyar darasi, wata ta miƙo mata suwaita ta ɗaura a ƙugu, ta raka ta banɗaki ba tare da kowa ya lura ba, ba za ta manta da wannan ranar ba. Kada ku ba da rance, kada ku miƙa tsabar kuɗi sai dai na mota. Kuma kada ku je kuna roƙon kuɗi a unguwa da sunan zumunta.

Yadda ake bayarwa

Taimakon da ya kunyata mutum ya zama cin fuska. Ba a miƙa abu a gaban aji. Ba a ɗaukar hoto. Ba a tashi a zumuntar matasa ranar Lahadi a ba da shaidar "yadda na ciyar da wani yaro Musulmi" har da sunansa da ajinsa. Yesu ya riga ya yi magana a kan wannan a Matiyu 6, inda ya ce ko hannun hagu kada ya san abin da na dama ya yi. Ka ce, "Ina da biro biyu, riƙe ɗaya." Ki buɗe kwanonki ki ce, "Zo mu ci," kamar yadda ake yi a gida. In abokinka Musulmi ya tambayi wane nama ne ko ina aka sayo, kada ka ji haushi, ka gaya masa gaskiya, in bai ci ba ka bar shi. Shi ma in ya miƙo maka nasa ka karɓa, don wanda kullum shi ke bayarwa bai taɓa karɓa ba, mutane sukan gaji da shi.

Ga kuma abin da na fi so ku riƙe. Kada taimakonku ya zama tanar da ake soka wa ƙugiya. In ka ba yaro kuɗin mota yau, gobe ka ce to sai ya biyo ka coci, ka sayar masa da alherin ke nan, kuma yara sun fi manya saurin gane ciniki. Ga gwajin da za ka yi wa kanka: in yaron nan ya ce maka ƙarara ba ya son jin komai game da addininka har abada, za ka ci gaba da ara masa littafinka? In amsar a'a ce, ba hidima kake yi ba tukuna.

Halinku a aji ma yana cikin lissafin. Ba ya yiwuwa ka jagoranci addu'a ranar Laraba, ranar Alhamis a gan ka da takardar satar amsa a cikin safa. Ranar da aji ya haɗa kuɗi don a bar su su yi satar jarrabawa ka ce kai ba ka ciki, za a zage ka, amma ranar ce za a fara yi maka tambayoyi na gaske.

In lokacin magana ya yi

Zai yi, ba sai kun ƙirƙiro shi ba. Wani zai ce, "Wai kai me ya sa kake wahalar da kanka a kaina?" Wata za ta ce, "Ke Bahaushiya ce amma kike zuwa coci?" Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3 aya 15, ta ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi. Ku lura, mai tambaya aka ce.

Shirin kuwa a gida ake yinsa. Ka rubuta shaidarka a takarda, abin da ba zai wuce minti biyu ba in ka faɗa: yadda kake a da, yadda ka san Yesu da kanka, abin da ya canja. Yawancinku a cikin ikilisiya aka haife ku, ba ku da labarin shaye-shaye ko fashi, to kada ku aro na wani. "A gidan Kirista aka haife ni, amma sai da Babanmu ya rasa aiki na fara addu'a da kaina, ba don Mama ta tashe ni ba. Har yanzu ba mu da kuɗi sosai, amma tsoron da ke hana ni barci ya tafi." Wannan ya isa. Ka gwada faɗarsa da Hausa da Turanci a gaban yayarka ko shugaban matasa, su cire maka kalmomin da sai ɗan coci ke ganewa.

Akwai tambayoyin da sai sun zo, gara ku san amsarsu tun yanzu. In aka ce Allah uku kuke bauta wa, ka ce a'a, Allah ɗaya ne, Yesu da bakinsa ya faɗi haka a Markus 12:29. Mun gaskata Allah ɗayan nan Uba ne, Ɗa ne, Ruhu Mai Tsarki ne, kuma in mun ce Ɗa ba haihuwa irin ta mutum muke nufi ba. Ka tsaya nan. In aka ci gaba zuwa inda iliminka bai kai ba, ka ce, "Wannan ban sani ba, bari in tambayi Fasto." Ka kuma tambaya ɗin, ka dawo da amsa. In aka ce me kake cewa game da Annabinmu, ka ce, "Ba zan yi magana a kan abin da kake girmamawa ba. Tambaye ni game da Yesu, shi na sani." Ba tsoro ba ne, ladabi ne. Kai ma ka saurara in yana bayyana nasa, kada ka riƙa jiran ya ja numfashi ka katse shi.

A yi hira mutum da mutum, ba a tsakiyar taro ba. Da zarar mutum biyar sun kewaye ku, hira ta koma gasa, kowa so yake a tafa masa. Ka ce, "Mu bari sai wani lokaci," ka ɗauki jakarka. Dandalin WhatsApp na aji kuwa na aikin gida ne da sanarwa. Kada ku tura wa'azi a ciki, kada ku tanka in wani ya tura nasa. Babu Kiristan Arewa da ya manta Deborah Samuel, ɗalibar kwalejin ilimi da aka kashe a Sakkwato a watan Mayun 2022 bayan wani saƙon murya a dandalin ajinsu. Ba abin da ya halatta wannan kisa, fadar Sarkin Musulmi ma ta yi tir da shi. Legas ba Sakkwato ba ce, amma magana zarar bunu ce, kuma saƙon murya ba ya tsayawa a wayar da aka tura masa.

In aboki yana cikin damuwa, mahaifiyarsa ba lafiya ko jarrabawa ta tsorata shi, ka tambaya: "Ka yarda in riƙa sa ka a addu'a?" In ya yarda, ka yi a gida, bayan kwana biyu ka tambaye shi ya jikin Mama. Kada ka ɗora masa hannu a ka a bakin ƙofar makaranta. Lokacin azumin watan Ramadan ka ja gefe da abincinka, ka yi masa sannu da ƙishirwa, ranar Sallah ka je barka da Sallah in an gayyace ka. Da Kirsimeti kai ma ka kai masa shinkafa.

Wani abu da akan manta: a makarantun Legas da yawa, waɗanda za ku fi yin hira da su 'ya'yan Kirista ne da suka gaji da coci, ko suke zuwa don kada a hana su abinci. Su ma shaidarku ta shafe su. Amma kada ku ɓata lokaci kuna gardama da ɗan Katolika ko mai zuwa cocin fararen kaya a kan wane ne na gaskiya.

Inda aikinku ya ƙare

In wani ya ce yana so ya biyo ka sujada, ko yana son ka ba shi Littafi Mai Tsarki, tambayar farko ita ce, "Iyayenka sun sani?" Yaro ne a ƙarƙashin iyayensa kamar yadda kake. Kada ka kai shi coci a ɓoye, kada ka ce ya yi wa gida ƙarya. Ka gaya wa iyayenka da Fasto, manya su san yadda za a yi. Abin da kai za ka ci gaba da yi shi ne abota da amsa tambayoyinsa da gaskiya.

Haka kuma, wanda ya zama abin dogara a aji sai ya fara jin abubuwa masu nauyi. Yarinya za ta ce wani babba a gida ko a makaranta yana taɓa ta. Yaro zai ce 'yan ƙungiyar asiri sun matsa masa ya shiga, ko ya ce ya gaji da rayuwa. Wannan ya fi ƙarfin addu'ar minti biyar a bayan aji. Tun kafin ya fara faɗa, kada ka yi alkawarin ba za ka gaya wa kowa ba, ka ce, "In abin zai cutar da kai, sai mun nemi babba, amma tare za mu je." Ku je wurin malamin ba da shawara ko wata malama da kuka amince da ita, a ranar. In hatsarin na nan take ne, lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767, kuma jihar tana da hukuma ta musamman mai kula da cin zarafi a gida da lalata da yara. Kada ka je ka tunkari wanda ake zargi da kanka, kada kuma labarin ya zama "batun addu'a" a gaban zumunta.

Karatunku da miƙa ragama

Iyayenku karatu suka tura ku. In makin zango ya faɗi saboda taro, ku rage taron. Awa ɗaya a mako don zumunta, rabin awa don aikin da kuka zaɓa, ya wadatar. Ku riƙa tashi a kan lokaci, musamman da damina, don kada a ce zumunta ce ta sa yarinya ta isa Agege da dare cikin ruwa.

Tun kuna SS2 kowa ya ɗauki ɗan SS1 ko JSS3 guda ɗaya ya riƙa tafiya da shi: ranar tarbar baƙo ku je tare, ranar sayen kaya ku je tare, ranar duba littafin asusu ya zauna ya gani. Kafin ƙarshen zango na biyu a SS3, lokacin da JAMB da WAEC suka tunkaro, ku sauka. A ƙirga kuɗin asusu a gaban uban ƙungiya da mutum biyu, a rubuta adadin, kowa ya sa hannu. A ba sababbin shugabanni kwafin wasiƙar izini, don in an canja shugaban makaranta za a nema. Sunayen yaran da ake taimaka wa da kuɗin mota kuwa ba a rubuta su a littafi; wanda ya sani ya faɗa wa magajinsa da baki, su biyu, bayan ya tambayi yaron ko ya yarda.